Kifin Teku a Bahon Sabitu

Akwai wani mutum a unguwar Hindawiyya ta Makka, sunansa Sabitu. Direban wayit ne, tankar nan da ke kai wa gidaje ruwa. Ɗan Yawuri ne, kuma ba sai ka tambaye shi ba, kafin ka gama amsa sallamarsa ya faɗa maka.

"Ni jikan Sarkawa na," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Kakana in ya tai bakin Kwara, kihi da kainai ka zowa gaisuwa."

Maganar gaskiya, abin da Sabitu ya sani na kifi bai wuce tarwaɗar da yake taya kawunsa sayarwa ba lokacin yana saurayi. A zuba ta a baho, a watsa mata ruwa, ta kwana ta wuni tana motsa gashin baki kamar ba abin da ya dame ta.

Matarsa Rahama haifaffiyar Makka ce. Tana da ƙane, Mish'al, a gidan iyayensu a unguwar Tandabawi. Mish'al ba mai magana ba ne, Hausarsa ma sai ya haɗa da Larabci take tafiya. Abu ɗaya ke sa fuskarsa ta yi haske, wata ƙungiyar masunta da ke zuwa gaɓar Shu'aiba, can bakin Bahar Maliya, suna gasar kama kifi su sake shi. Ya daɗe yana bin su yana ɗaukar musu kaya kafin su karɓe shi. Ranar da aka karɓe shi har lemo ya raba wa 'yan gida.

A shekarar 2016, da gasar bazara ta matso, Sabitu ya tasa Rahama a gaba.

"Ki ce ma ƙanenki ya tai da ni. Yaran ga na Makka mi sunka sani? Kihin da sunka sani na cikin hirij na."

Rahama ta roƙi ƙanenta har sau nawa. Mish'al ya zo gidan da kansa, ya zauna a bakin kujera.

"Ya Abu Shahad," ya ce, don da sunan 'yarsu yake kiransa, "akwai sharaɗi. Wanda ya zo da baƙo, shi ya tsaya masa. In kifi ya mutu a hannunka da sakaci, ni ake cirewa. Khalas, babu komawa."

Sabitu ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Kai ɗan Makka! Kihi ya mutu hannuna? Hannun ga?"

Ranar Asabar da sassafe Mish'al ya zo ɗaukarsa, ya tarar da shi a bakin ƙofa da wani ƙaton bahon roba, da jarka biyu na ruwan wayit, da kula cike da ƙanƙara.

"Ish hada?" Mish'al ya tambaya. "Me za ka yi da baho?"

"Alwala da wankin hannu. Tuƙa mu tai."

A bakin teku shugaban ƙungiyar ya tara su. Dattijo ne, Ammu Abdulwasi'u suke ce masa, mai furfura da muryar da ba ta ɗagawa.

"Ya shabab, ku saurara. Kifin da za a lissafa sai mun gan shi ya koma ruwa yana iyo da kansa. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi. Kada a cusa yatsa a wurin numfashinsa, nan gefen kai. Kada a goge yauƙin jikinsa, rigarsa ke nan. Hoto ɗaya, da sauri, a mayar da shi. Tayyib?"

Kowa ya ce tayyib. Sabitu ya sunkuya a kunnen Mish'al.

"Wanga tsoho kihi yaka kiwo ko amarya?"

Suka shiga ƙaramin jirgi mai inji. Rana ta ɗaga, Mish'al ya kama ƙanana guda biyu, Sabitu kuwa ba abin da ya kama sai tashin zuciya. Yana rungume da gefen jirgi, yana cewa ruwan nan ba shi da tarbiyya, ba kamar Kwara ba.

Sai igiyarsa ta miƙe.

Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Sabitu ya fasa ihu, yana kiran sunan kakansa. Mish'al ya riƙe shi ta ƙugu don kada ya bi kifin, suka yi ta ja, suka yi ta saki. Da abin ya fito sai da mai tuƙa jirgin ya yi salati. Kifin nan ne da ake kira hamur, ƙato, mai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, bakinsa zai haɗiye kan yaro.

Mish'al ya jiƙa hannuwansa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya tallabo cikin kifin ya sa shi a tankin jirgi, wanda inji ke zuba wa sabon ruwan teku.

"Masha Allah. Ya Abu Shahad, wallahi mun ci. Ba wanda zai kawo kamarsa."

Da suka dawo gaɓa, ana layi a wurin sikeli. Mish'al ya ce zai je ya kira Ammu Abdulwasi'u ya zo a auna a bakin jirgi, don kada a wahalar da kifin. Mai tuƙi ma ya sauka neman inuwa.

"Kada ka taɓa. Ka zauna bas. Ka ji?"

"Na jiya, ranka ya daɗe."

Mish'al na ba da baya, Sabitu ya buɗe murfin tanki. Kifin ya lafe a ƙasa, yana numfashi a nutse. Sabitu ya tsoma yatsa, ya ji ruwan da ɗumi. Ya lasa, ya tofar.

"Subhanallahi! Gishiri tsantsa, ga zahi. Wanga ruwa ko ni ba ni iya zama cikinai. Kashe shi za su yi."

Kuma har cikin ransa ya yarda da abin da ya faɗa.

Ya cusa yatsunsa huɗu a gefen kan kifin, daidai inda aka hana, ya fizgo shi sama kamar yadda suke yi wa tarwaɗa. Kifin ya yi wata irin girgiza. Sabitu ya sauko da shi kan yashi, ya ga jikin duk yauƙi, ba zai yi kyau a hoto ba. Ya warware tawul ɗin wuyansa ya goge shi tas.

Sai ya tuna da mutanen Yawuri.

Ya kira abokansa a bidiyo. Layin na yankewa. Ya ajiye kifin a kan yashi mai zafi, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Ya sake ɗaukar kifin.

"Kun gani? Ku ce ma Alhaji ya zo ya gani! A'a, ku kira shi, ina jira!"

Kifin na rataye a hannunsa, bakin na buɗewa yana rufewa.

Da ya gama nuna wa duniya, ya jawo bahonsa, ya juye jarka biyu na ruwan wayit, ya zazzage ƙanƙarar kula a ciki.

"To, sha ruwan kirki, bawan Allah."

Ya saka shi.

Kifin ya yi tsalle ɗaya da ya watsa wa Sabitu ruwa har ido. Ya sake yi. Daga nan jikin ya sandare, ɗigon nan masu kyau suka fara kodewa. Wani siririn jini ya fito daga gefen kai, ya bazu a cikin ƙanƙara. Kifin ya kwanta a kan haƙarƙarinsa.

Sabitu ya taɓa shi da yatsa.

"Kai. Tashi mana."

Ya sake taɓawa. Murmushin fuskarsa ya tsaya a inda yake, ya rasa hanyar komawa.

A haka Mish'al ya same shi, da Ammu Abdulwasi'u da sauran 'yan gasa a bayansa, kowa da waya a hannu ya zo ganin abin mamaki. Suka ja suka tsaya. Ba wanda ya ɗaga wayarsa.

Mish'al ya tsoma hannu a bahon, ya ji sanyi, ya lasa.

"Moya hilwa?" in ji shi. "Ruwan daɗi? Da ƙanƙara? Ya Abu Shahad, haram alaik!"

Bai jira amsa ba. Ya rungumo kifin a ƙirjinsa ya faɗa teku da jallabiyarsa da takalmansa, har ruwa ya kai masa ƙirji. Ya tallabe shi a ƙarƙashin ruwa, ya juya kan kifin wajen da igiyar ruwa ke zuwa don ta ratsa ta bakinsa. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, "Yalla, yalla, ya habibi, yalla."

Sabitu na tsaye da tawul a hannu, yana jin yauƙin kifin na bushewa a tafinsa.

Can wutsiyar ta motsa. Wani ya ce Allahu Akbar. Mish'al ya buɗe hannuwansa a hankali. Kifin ya yi gaba kaɗan, kamar zai nutse, sai ya juya, farin cikinsa ya kalli rana.

Mish'al ya sake kamo shi. Ya sake gwadawa. Sai da Ammu Abdulwasi'u ya shiga ruwan ya dafa kafaɗarsa.

"Ya isa, ɗana. Fito."

Sabitu ya tare dattijon a bakin ruwa.

"Baba, wallahi taimako nai niyya. Mu can gida tarwaɗa..."

"Wannan tarwaɗa ce?"

Dattijon ya nuna kifin, ya ci gaba.

"A gishiri aka halicce shi, a gishiri ya tsufa. An faɗa maka da safe, ina kallonka kana dariya." Ya juya wajen Mish'al. "Ka san sharaɗi."

Mish'al ya gyaɗa kai, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"A'a, Baba!" Sabitu ya ce. "Ni nay yi ɓarna. Ni za a kora!"

"Kai ba ka cikinmu balle mu kore ka," in ji Ammu Abdulwasi'u. "Ɗauki kifinka ka kai gida a ci. Kada ka ƙara masa da ruɓewa."

Daga Shu'aiba suka kamo hanyar Hindawiyya a mota. Mish'al ya sauke shi da bahonsa a bakin ƙofa, bai shiga gaida yayarsa ba.

Rahama na ganin kifin ta rangaɗa guɗa.

"Baban Shahad! Ashe da gaske kake! Amma ba ce mini aka yi sakinsa ake yi ba?"

Ta ja bahon zuwa kicin, ta ɗauko wuƙa. Jim kaɗan ya ji ta yi salati.

"Baban Shahad, zo ka gani."

Cikin kifin cike yake da ƙwai. Jaka biyu manya, rawaya, sun cika mata tafin hannu har suna zuba. Sabitu ya kau da kai.

Rahama ta ɗago ta dube shi da kyau, sai a lokacin ta lura da idonsa.

"Ina Mish'al? Me ya sa bai shigo ba?"

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta wanke hannunta, ta ce ya kai wa maƙwabta, ita ba a tukunyarta ba.

Washegari bai fita da wayit ba. Ya tafi Tandabawi. Ya tarar da Mish'al a ɗakinsa yana naɗe sandunan kamun kifinsa a cikin wani tsohon zane, yana ɗaurewa da igiya.

"Ƙanena," Sabitu ya ce daga bakin ƙofa. Yau babu ɗan Makka. "Ka yahe mini. Ni koma wurin tsohon nan, in durƙusa mai."

"Ba zai canza ba. Kuma yana da gaskiya."

Mish'al ya hau kujera ya tura ƙunshin can saman kwaba, ya sauko yana kakkaɓe hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Ka san kafin gasa Ammu ya tambaye ni, wannan baƙon naka ya san kifi? Na ce masa, wallahi ya fi mu duka."

Ya dubi mijin yayarsa.

"Kai ka faɗa mini, ya Abu Shahad. Ni kuma na yarda."

Sabitu, wanda duk Hindawiyya ba a taɓa ƙure shi da magana ba, ya sunkuyar da kai, ya juya ya kama hanyar gida.

Darasi: Abin da ka sani a garinku ba shi ne duk ilimin duniya ba. In ka je inda aka gindaya ƙa'ida, ka saurara kafin ka yi dariya, musamman in wani ne ya tsaya maka da sunansa. Kifin da za ka mayar ruwa, ka jiƙa hannu, kada ka taɓa wurin numfashinsa, kada ka riƙe shi a rana saboda hoto, ka mayar da shi irin ruwan da ya fito. Rai ne, kuma za a tambaye mu. Ku tura wa masunta da masu son hoto, kuma in kuna da Sabitu a gidanku, shi za ku fara tura wa.