Maƙerin da Ya Zargi Idon Na'ura

Akwai wani maƙeri a wani gari, shekara talatin yana ƙera ƙarafan famfon rijiya. Yana da sandar awo ta ƙarfe da ya gada wurin mahaifinsa. Da ita yake yanka, da ita kuma yake duba abin da ya yanka. Kun ji fa!

Ana nan sai masu gyaran famfo suka kawo na'urar awo mai ido irin na kyamara. Ba ta taɓa ƙarfe, kallonsa kawai take yi, sai tsawonsa ya fito a allo. Ko kaurin gashi ba ya kuɓuce mata. Rifkatu, mai kula da na'urar, ta ɗora ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, duk sun gaza. Shi ya sa famfunan ke yoyo. In ba a gyara ba, za a ba wani aikin."

Ran maƙeri ya ɓaci. Ya ce a ransa, "Ruwa ba ya tsami banza. Abin da bai taɓa riƙe guduma ba, shi zai koya mini awo? Da hannun Tanko a ciki." Tanko maƙerin ƙetaren hanya ne, bawan Allah bai san hawa ba, bai san sauka ba. Maƙeri ya daina gaishe shi. Matarsa ta ce ya sake dubawa, ita ma ya hau zarginta.

Ranar kasuwa ya ɗauko sandarsa don ya kunyata na'urar a gaban jama'a. Ya gwada ƙarfe da sanda, suka yi daidai cif. Ya ce, "To, wa ke ƙarya?"

Rifkatu ta ce, "Baba, ara mini sandar." Ta ɗora ta a ƙarƙashin idon. Sai ga bakin sandar a allo, ya cinye, shekaru sun gaigaye shi kaɗan-kaɗan. Wayyo! Kunya ta rufe maƙeri.

Ma'anar wannan misali ita ce: sandar nan zuciyarmu ce, 'yan'uwa. Da ita muke aikata abu, da ita muke wanke kanmu, alhali zunubi ya cinye bakinta ba mu sani ba. Idon nan kuwa Maganar Allah ce, ba ta karɓar toshiya, ba ta kuma jin kunyar furfura. In ta nuna maka ka gaza, kada ka tafi neman wanda ya kai ƙararka. Miƙa mata zuciyar taka ta auna, ka tuba tun kana da sauran numfashi.