Akuyar Baba Mati a Gaban Alƙali

A wani gari an yi wata mai ƙosai, Lantana, wadda ruɗin tsufa ya kama mahaifinta, Baba Mati. Ta roƙi alƙali ya damƙa mata lamuran tsohon, don surukin alƙalin yana ta lallaɓa shi ya sayar masa da gonarsa.

Alƙali ya ce, "Sai ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da hankali."

Aka kawo tsoho. Ya ce, "Ni? Garau nake."

"Kin ji," in ji alƙali. "Maganar mai hankali ce, na karɓa."

Lantana ta ce, "Baba, wa ya sace maka akuya?"

Shekara goma da mutuwar akuyar, amma kullum Baba Mati nemanta yake. Ya nuna alƙali. "Ga shi nan, mai rawanin."

Lantana ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, mai hankali ya yi ƙararka. Sai ka sauko a nemo wani alƙalin, ka rantse gaban jama'a."

Alƙali ya dubi mutanen da suka cika zauren, ya jawo takarda.

"Me ma kika ce sunanki?"