Ranar da Aka Zo Ɗaukar Fiyano

Akwai wani dattijo makaɗin fiyano, wato babban abin kiɗan nan mai maɓallai da ake dannawa da yatsu, wanda abokan sana'arsa suke kira Yatsa Goma. Kiɗan jaz yake yi, irin wanda makaɗa uku ko huɗu suke haɗuwa su ɗauko waƙa ɗaya, a riƙa ba kowa fili ya yi mata ado yadda ransa ya so. Shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma maganar gaskiya ya iya. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya.

Abokin tafiyarsa shi ne Dogo mai kaɗa bes, wato babbar gitar nan mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa. Aikin mai bes shi ne riƙe takun waƙa, kada ta yi gudu, kada ta yi nawa. Shekara ashirin da takwas Dogo yana tsaye a bayansa, amma ko sau ɗaya Yatsa Goma bai taɓa ɗaga hannu ya bar masa fili ba.

Wata rana a wurin gwaji, a gaban sauran makaɗa, ya yi masa wankin babban bargo. Ya ce Dogo ne yake ja masa waƙa baya, kuma shi hannunsa na hagu kaɗai ya isa ya yi aikin bes. Dogo ya zuge jakar bes ɗinsa, ya yi wa kowa sallama, ya kama gabansa.

Bayan shekara shida, wata safiya dattijon yana saka maɓallin riga sai hannun ya ƙi. Kafin matarsa ta fito daga kicin ya zube a ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ɓangaren hagu ta kama.

Wata biyu ya yi a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya dawo gida yana dogara sanda, magana ta dawo sarai, amma a hannun hagu yatsu biyu kawai suke amsa kira.

Sau ɗaya ya buɗe fiyanon da ke falo. Bai yi minti uku ba ya rufe, ya juya wa abin baya. Ya kira 'yarsa ya ce ta nemi makarantar koyar da kiɗa a ba su shi kyauta, shi ya gama. Matarsa ta roƙe shi har da hawaye ya ƙara haƙuri, ya sha mur ya ce ba zai zauna yana kallon abin da yake yi masa dariya ba. Aka tsayar da magana masu ɗauka za su zo ranar Asabar da hantsi.

Ranar Alhamis da yamma yana zaune yana matsa 'yar ƙwallon roba da aka ba shi a asibiti don motsa yatsu. Kaɗaici ya ishe shi, sai ya jawo wayar da 'yarsa ta zuba masa tsofaffin kiɗe-kiɗensa. Ya saƙala abin sauraro a kunne ɗaya. Na ɗayan kunnen ya suɓuce ya faɗa bayan kujera, kuma da hannu ɗaya bai iya cirowa ba.

To, a irin tsohon ɗaukan kiɗan nan, fiyano a kunne ɗaya ake saka shi, bes a ɗayan. Kunnen da ya rage masa na bes ne. Sai ga Dogo raɗau a cikin kansa, shi kuma gwanin yana can nesa kamar rediyon maƙwabta.

Jama'a, abin da ya ji ya sa jikinsa ya yi sanyi. Ashe shi ne mai gudu. Duk inda tafi ya ɗebe shi ya zabura, sai ya ji Dogo ya bi shi, ya rungumo shi a hankali ya dawo da shi kan taku ba tare da kowa ya farga ba. Akwai wurin da ya taɓa abin da ba shi ba, Dogo ya yi wuf ya sauya nasa sautin, kuskuren ya zama kamar da gangan aka yi. Wannan wurin ma shi ne mutane suka fi yaba masa.

Ya saurari waƙa bakwai a jere. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Da matarsa ta shigo ya tambaye ta, yana kallon ƙasa, ko akwai wanda zai iya samo masa lambar Dogo. Ta ce ai ba sai an nema ba. Tun ranar da aka kwantar da shi Dogo yake kiran ta duk mako yana tambayar jiki, ya kuma roƙe ta kada ta faɗa, don kada ran mara lafiya ya ɓaci.

Ya kira. Ya shirya dogon jawabi, amma da ya ji muryar sai komai ya gudu.

"Dogo, ni ne mai gudun," in ji shi. "Yau na ji da kunnena. Ka yafe mini."

Can Dogo ya ce, "Haba maigida, ai ni na sani tun a makon farko. Yaya ƙarfin jikin?"

Ranar Asabar tun da safe sai ga Dogo, kansa ya yi fari fat, yana kokawa da jakar bes a ƙofar falo. Yatsa Goma ya nuna masa hannun, ya ce ya makara, babu abin da ya rage. Dogo ya ce shi dai ya sha wahalar hawa matakala da wannan kaya, don haka ko da yatsa ɗaya ne sai an yi masa kiɗa.

"Ka ajiye na hagun a cinya ya huta," in ji Dogo. "Ka ba ni na dama kawai. Ƙasan waƙa aikina ne."

Suka fara a hankali. Dattijon ya yi tuntuɓe sau biyu, duka biyun ya ji an tare shi. A zagaye na uku kafaɗunsa suka sauka. Waƙar da ya saba cika ta da ado har ba ta numfashi, yau ga ta fili, kuma bai taɓa jin daɗinta haka ba.

Da suka zo tsakiya sai ya ɗaga hannunsa daga kan fiyanon, ya juya ya kalli Dogo. Bawan Allah ya tsaya sororo, ya ɗauka ciwo ne ya motsa. Sai da maigidan ya gyaɗa masa kai sannan ya gane fili aka ba shi. Ya rufe ido ya kaɗa, dattijon yana saurare hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

Ba su san masu ɗauka sun iso ba. Ƙarti huɗu ne da igiyoyi da barguna, suna tsaye a bakin ƙofa tare da matarsa da 'yarsa, babu wanda ya yi motsi har aka kai ƙarshe. Babbansu ya gyara murya, ya tambaya cikin ladabi ko wannan ne kayan da za a ɗauka.

Matar ta kalli mijinta.

Yatsa Goma ya ba su haƙurin wahalar da aka ba su, ya ce ba inda fiyanon nan zai je. 'Yarsa ta sauke ajiyar zuciya har sai da kowa ya ji.

"Amma tunda kun zo da ƙarfinku," in ji shi, "ku ɗan matsar mini da shi gefe. Wurin ya yi wa mai bes kaɗan."

Darasi: Duk gwanin da ka gani yana haskawa, akwai wani a bayansa da yake tare masa kurakurai bai faɗa ba. Kada ka jira ciwo ya zaunar da kai kafin ka saurari wanda yake riƙe da kai, kuma in ka gane ka yi kuskure, neman afuwa ba ya rage maka komai. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman mutumin da ya daɗe yana rufa muku asiri ba ku taɓa ce masa na gode ba.