Kalma Ɗaya da Aina'u Ta Ƙara

Akwai wata yarinya a Zawaciki, Aina'u, 'yar Malam Gwadabe, leburan wani kamfanin fata a Challawa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata" yake ce mata.

Da ta shiga kwaleji, sai idonta ya faɗa kan wata ƙungiyar ɗalibai mata da ake kira 'Yan Farin Gyale. Turarensu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, har murmushinsu ɗaya ne. In sun shigo wuri, hira kan mutu. Ba sa ɗaukar 'yar aji ɗaya sai in ubanta wani ne.

Ranar tantancewa, shugabarsu Saudat ta dube ta sama da ƙasa.

"Me babanki yake yi?"

Amsar gaskiya ita ce, "Yana kamfanin fata." Amma bakin Aina'u ya ƙara kalma guda.

"Yana da kamfanin fata a Challawa."

"Madalla," in ji Saudat. "Al'adarmu ce mu je mu gani."

Washegari da la'asar motarsu ta tsaya a bakin kamfanin. Jiniyar tashi ta kaɗa, ma'aikata suka fito. Ga Malam Gwadabe cikin takalman roba, sinadarin jima ya rine masa hannuwa. Ya hango 'yarsa, fuskarsa ta washe, ya nufo motar.

Saudat ta toshe hanci da gyale. "Kin san wannan ne?"

Aina'u ta sunkuyar da kai. "Cikin leburorin Baba ne."

Ya ji. Wallahi ya ji. Ya tsaya cak, sannan ya ɗan rusuna.

"Sannunku da zuwa, Hajiya."

A ranar aka yafa mata farin gyale. A ranar kuma warin ɗanyar fata ya kama ta. Ta yi wanka, ta turara kayanta, ta sake gyale har uku, a banza. Abin tsoron shi ne, sauran 'yan aji ba sa jin komai. Ita da 'yan ƙungiyar kaɗai ke jinsa. In ta zauna a cikinsu sai su juyo gaba ɗaya, su zuba mata ido da murmushin nan.

Bayan sati biyu suka karɓe gyalensu.

Ta koma gida ta durƙusa a gaban mahaifinta tana kuka. "Baba, ku yafe mini. Ni ce Uwarku."

Ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo.

"Na yafe, Hajiya. Allah Ya yafe mana."

Warin ya ɗauke nan take. Amma babu fushi a idonsa, babu kuma alamar ya san ta. Ya ci gaba da ciyar da ita, yana miƙewa in ta shigo, yana ce mata Hajiya.

Shekara uku ta yi tana jiran ya sake ce mata "Uwata". Ranar da zai cika, tana riƙe da hannunsa, ya dubi ƙofa ya tambaya a hankali, "Uwata ba ta dawo daga makaranta ba?"

Har yau in jiniyar kamfani ta kaɗa, Aina'u kan toshe kunnuwanta.

Darasi: Duk taron da sai kin musanta iyayenki za a ba ki wurin zama, ba taronki ba ne. Ana iya yafe kalma, amma ba kullum take mayar da abin da ta ɗauke ba. Ku tura wa 'yan'uwanmu ɗalibai, ko wata za ta tsira.