Sallamar da Ƙasa Ke Aikowa Kafin Ta Girgiza

Dalilin da ya sa girgizar ƙasa ba ta faɗo wa mutane gaba ɗaya, sai ta fara da ɗan bugu kamar an ƙwanƙwasa ƙyaure daga ƙarƙashin ƙafa, sannan babbar jijjigar ta biyo baya, wata maginar tukwane ce ta roƙo mana shi. Ku gyara zama, yara, mai cin gyaɗa ya dakata sai an gama.

A can da, Ƙasa ba shiru take ba kamar yanzu. Tsohuwa ce mai faɗin baya, tana kwance, mutane na zaune a kanta, kuma kullum da hantsi takan yi miƙa kaɗan ta gyara kwanciya. Motsin ba shi da ƙarfi. Ruwan tulu ya ɗan kaɗa, jariran da aka shimfiɗe a tabarma su yi barci ba a goya su ba, mata su ajiye taɓarya su taɓa hira har ta gama. Zamani ne mai daɗi. Kakannin kakanninmu ma labarinsa kawai suka ji, amma in suna ba da shi sai idonsu ya ciko.

A gindin wani dutse akwai doguwar tsaga, ta nan muryar Ƙasa ke fitowa, a nan kuma wata mata mai suna Tabawa ke haƙar yumɓu. Shiri ya haɗa su sosai. Tabawa na kiranta Kaka, tana kai mata labarin gari kaf, har da wanda bai kamata a kai ba. A duniya abu biyu take ji da su, hirar nan da kuma mahaifiyarta Iya Kande, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Tabawa ta so ta gina randa mai tsawon mutum, don ta rage zuwa rafi tana barin tsohuwa ita kaɗai. Amma duk lokacin da ɗanyen gini ya kai ƙirji, sai miƙar hantsi ta zo, randa ta karkace ta zube. Ran da haushi ya ishe ta, ta je bakin tsaga tana mita, ta ce don Allah Kaka ta kwanta tsit ko ginin ya samu ya bushe.

Ƙasa mai kara ce, irin tsofaffin nan da ba sa iya ce wa nasu a'a. Ta ce ba komai, za ta kwanta. Ba ta faɗa mata wahalar da za ta sha a kan hakan ba.

Randa ta bushe, ta gasu, gari ya zo kallo. Da magina suka ga ƙasa ta daina motsi, sai kowa ya ɗaga katanga, aka yi dogayen rumbuna, har da masu ɗora ɗaki kan ɗaki. Kowa ya ga Tabawa sai ya ce ta gaida Kaka, ta ce mata ta ci gaba a haka. Tabawa ta lura muryar tsohuwar ta fara fita da ƙyar. Ta tambaya, aka ce mata lafiya lau, ita kuma ta karɓa da sauri don amsar da take so ke nan.

Alhali ɓarin bayan Ƙasa ɗaya yana ja gabas, ɗayan yana ja yamma, kuma a bakin tsagar suka cije da juna. Miƙar da take yi kullum ita ke sakin jan kaɗan-kaɗan. Da ta daina, sai ya yi ta taruwa shekara da shekaru, kamar busasshen ice da ake lanƙwasawa a gwiwa. Kun dai san ƙarshensa.

Wata rana da rana tsaka ya ɓalle. Katangu suka zube, rumbuna suka fashe, randar ma ta tafi. Tabawa ta tono Iya Kande daga ƙarƙashin jinka da ranta, amma da karayar hannu. Da ta ɗaure mata, ta nufi tsaga da niyyar faɗa, sai ta tarar da Kaka tana kuka. Faɗan ya mutu a bakinta, don ta san wanda ya jawo. Ta roƙe ta ta koma miƙarta ta da.

Ƙasa ta ce, "Bayan ya riga ya sandare, ɗiyata. Daga yau sai dai ya tara ya ɓalle, ni kaina ban san ranar ba."

"To ki riƙa yi mana sallama, Kaka. Ko baƙo ba ya faɗo gida haka nan."

Ƙasa ta bayyana mata yadda abin yake. Ta ce in bayan ya ɓalle, 'ya'yanta mata biyu ne ke fita da labarin ta ko'ina, kamar yadda ruwan kududdufi ke bazuwa in an jefa dutse. Ƙaramar mai sauri ce, miƙe take gudu, tura abu kawai take yi ta wuce, ko ruwa ba ya tare ta. Babbar kuwa nauyi gare ta, tafe take tana rangaji hagu da dama, ita ce mai ka da gini, kuma ba ta iya ruwa ba. Lokaci ɗaya suke tashi, ba ta da ikon riƙe babbar, amma za ta sa ƙaramar ta riƙa ƙwanƙwasawa duk inda ta isa.

Tabawa ta yi murna, har sai da ta tuna da ƙafafun Iya Kande. Ta tambaya ko tsakanin sallamar da isowar babbar zai ishe ta ta goyo tsohuwa ta fito fili.

"A nan bakin tsaga tare za su iso," in ji Ƙasa. "Sai tafiya ta yi nisa ƙaramar ke ba yayarta rata. Ki ɗauki Iya ki yi nesa da ni."

Tabawa ta ce za ta yi bukkar kara ta zauna. Ƙasa ta tuna mata da duwatsun da ke rataye a saman gidanta. Tabawa ta kawo wata dabara, ita ma aka rushe ta. A ƙarshe ta ɗora Iya Kande a jaki, ta kama hanya tana kuka wiwi, ba ta tsaya ba sai da dutsen ya ɓace mata. Inda ta sauka ma bayan Kaka ne, amma babu tsaga, babu murya. Yumɓun wurin mai kyau ne, sai dai ba wanda take ba labari in tana haƙa, kuma kewa ta dame ta ƙwarai.

Bayan shekaru, tana durƙushe tana gini, ta ji ɗan bugu a gwiwoyinta. Ta gane shi nan take. Ta shiga ɗaki ta goyo Iya Kande, ta fito fili, har ta samu ta gyara ɗaurin zane kafin babbar ta iso a gajiye, ta ka da tukunya ɗaya ta wuce. Tabawa ta durƙusa ta dafa ƙasa da tafin hannu.

"Mun ji sallamarki, Kaka. Mun fito lafiya."

Ta daɗe da hannunta a wurin. Ba a amsa ba.

Shi ya sa har yau ɗan bugu ke riga babbar jijjiga isowa, kuma gwargwadon nisanka da inda ƙasa ta ɓalle, gwargwadon ratar da ke tsakaninsu. Na kusa ba ya samun ta, na nesa ne ke samu. In wata rana kun ji sallamar a ƙafafunku, kada ku tsaya neman takalmi. Abin da ya rage mana ke nan na muryar tsohuwar, kuma cewa take ku fita fili.