Gawon da Attahiru Ya Ce Ya Mutu

Akwai wani dattijo a wani ƙauye bayan Korgom, ana ce masa Cindo. Gawo bakwai ne a gonar gidansu. Da rani 'ya'yan gawon ke riƙe masa awaki har ruwa ya sauka.

Wata damina ɗan wansa Attahiru ya iso daga Yamai. Tun yana goye aka tafi da shi, sai ga shi da tabarau da takardun furojen Turawa: wai a dasa itatuwa su shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Hausarsa ta hanci take fitowa, kamar mai mura.

"Tonton, itatuwan nan sun mutu, hein. Tsakiyar damina ko ganye babu. Mataccen icce ba ya shan karbon. Za mu sare, mu sa sababbi."

Cindo ya ce, "Ɗana, gawo ne. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ka jira kaka ka gani."

"Voilà, camfi. Shekara biyar na yi ina karatun icce."

"Gawon kuwa ya yi sittin yana haka."

Amma gonar gadon uban Attahiru ce, Cindo riƙo yake. Kwana uku gatari na aiki. Aka dasa itatuwan turare jere-jere, aka ɗauki Attahiru hoto riƙe da butar ban ruwa, ita kuwa ba ruwa a ciki.

Ba a yi wata ba sojoji suka karɓi mulki, Turawan furoje suka tattara kayansu. Attahiru ya hau kabu-kabu, wai zai je ya dawo. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Dashen ya bushe ƙaraf.

Da rani gawon maƙwabta ya yi kore shar. Awakin Cindo suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Rannan Attahiru ya bugo waya.

"Tonton, ina neman aiki a wani furoje. Turo mini hoton itatuwanmu, masu ganye sosai."

Cindo ya ce, "Masu ganye na Iliyasu ne, maƙwabcinmu. Namu kututture ne. Ko in turo maka na akuyar? Ita ce ta ƙarshe, yanzu muka yanka ta kafin ta zama mushe."

Darasi: Kafin ka gyara abin da ka tarar, tambayi wanda ya tsufa da shi, domin girman kanka wani ne zai kwana da yunwarsa. Ku tura wa duk mai takardar da ke shirin komawa ƙauye da gatari.