Tsaf-tsaf da hoton kashin kaji

Ni dai a duk garin nan babu wanda ya kai ni iya riƙe baki a waya. Tun da na sayi babbar waya ba a taɓa cire ni daga wani guruf ba. To, ban da na dangin matata, wannan kuwa surukata ce ba ta san wasa ba. Sai na 'yan ajinmu na firamare, shi ma yatsan admin ne ya zame. Amma na masu kiwon kaji, wanda zan ba ku labarinsa kafin mai aski ya gama da ƙeyata, ko gargaɗi ba a taɓa yi min ba.

Admin ɗinmu wani ne da muke kira Tsaf-tsaf. Mai kiwon kaji ne, amma farar riga yake sawa, in ya fito daga ɗakin kaji sai ka rantse daga banki yake. Ba shi da mugunta, Allah ya sani. Aibinsa ɗaya ne: abin da bai yi wa idonsa daɗi ba, ba ya son kowa ya gani.

Da farko ya yi aiki, gaskiya. Kafin a ba shi, guruf ɗin ya zama juji: masu tallar maganin basir, masu cewa ka tura wa mutum goma ka ga abin mamaki, da wasu biyu da ke zagin iyayen juna kullum. Ya share su tas, muka yi ta tura masa tafi. Ina jin tafin nan ne ya hau masa ka.

Ku da ba ku kiwo, bari in gaya muku wani abu. Kaza ba ta cewa cikinta na ciwo, kashinta ne ke faɗa. Saboda haka da safe mutum zai durƙusa ya ɗauki hoton kashi ya tura, ya ce jama'a me kuka gani? Wannan ya ce nasa ma ya taɓa yin haka, wancan ya ce a canza ruwa, wani ya ce maza a kira likitan dabbobi. Kafin shayinka ya huce an gano bakin zaren. Guruf ɗin ba shi da kyan gani, amma kajinmu da shi suke rayuwa.

Ana nan sai wasu manya masu gonaki suka shigo. Kunya ta kama Tsaf-tsaf. Ya kafa doka: ba hoton kashi, ba hoton mushe, ba maganar da za ta ta da hankali. Mai son nuna kaza ya nuna mai rai, a tsaye, tana kallon kyamara.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Inna Mai Ƙwai. Ita ba ta rubutu, murya take turawa, kuma sai ta gaida kowa da iyalinsa kafin ta kai ga magana. Wata safiya ta turo hoton kashi kore shar, ta ce 'yan tsakin da ta sayo a wata sabuwar ƙyanƙyasa, wato gidan da ake ƙyanƙyashe ƙwai da inji, suna ta faɗuwa. Tsaf-tsaf ya goge. Inna ta zaci wayarta ce ta haɗiye hoton, ta sake turowa. Ya goge. Ta koma ta ɗauko wani daga kusa-kusa, wai ko wancan bai fito da kyau ba. Sai ya cire ta.

Wanda ya tambayi dalili, ya cire shi. Wanda ya tura fuskar dariya, ya cire shi. Wanda ya bi shi ta gefe don ya ba da haƙuri, ya toshe lambarsa. Daga ƙarshe ya gaji da gogewa, ya kulle guruf ɗin gaba ɗaya, ya zama admin kaɗai ke iya magana.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wurin da ke tafasa kamar tasha ya yi tsit. Kullum da safe Tsaf-tsaf zai turo hoton fure ya ce barka da asuba, babu mai amsawa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya manta ma cewa shi ya kulle, ya riƙa yaba wa mutane da cewa yanzu sun koyi ladabi.

Su kuwa waɗanda aka cire suka buɗe nasu, suka sa masa suna Korarru. A can kashi kala-kala ake turawa ba mai tsangwama. Da aka jera hotuna sai aka ga duk wanda 'yan tsakinsa ke mutuwa, a wannan ƙyanƙyasar ya sayo. Kowa ya janye ƙafa. Mutum ɗaya ne a duk masu kiwo bai ji ba, shi ne wanda ya goge labarin da yatsansa.

Da masu saye suka gudu, 'yan tsakin suka yi arha. Tsaf-tsaf ya ga banza ta faɗi. Ya sayar da motarsa, ya cika sabon ɗakin da ya gina da su maƙil.

Ba a jima ba suka fara sunkuyar da kai. Yau a kwashe a bokiti, gobe a kwashe a buhu. Sai ga Tsaf-tsaf, mai farar riga, ya durƙusa ya ɗauki hoton kashi da hannunsa ya tura guruf, ya rubuta: don Allah jama'a me kuka gani? Ya zauna yana jira. Waya na nuna masa kowa ya gani, amma ko tari babu. Masu son amsawa ba hanya, masu son kiransa ya toshe su, sauran kuma tsoro suke kada su taɓa shi ya cire su.

Wani ya kwaso hoton ya kawo Korarru. Kai, ranar an yi dariya. Wasu suka ce a bar shi ya tura wa kajin hoton fure ko za su warke. Ana cikin haka Inna Mai Ƙwai ta turo murya mafi gajarta a rayuwarta, ko gaisuwa babu. Ta ce, "Wa ke da babur?"

Ni na ɗauko ta. Da muka shiga gidan, abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Ɗakin 'yan tsaki in yana da lafiya kamar ruwan sama a kan kwano yake, sai ka ɗaga murya za a ji ka. Wannan kuwa har ƙarar ɗigon ruwa a mazubi nake ji. Irin shirun guruf ɗinsa ne sak, sai ka ce daga waya ya fito ya shiga ɗakin.

Yana zaune a kan buhun dusa, rigar ta koma kalar ƙasa. Da ya ga Inna bai iya tashi ba.

Ya ce, "Inna, ashe haka mutanen nan suka tsane ni? Kowa ya gani, ba wanda ya ce min ko sannu."

Ta ce, "Ɗan nan, ka kulle mutane a ɗaki ka sa makulli a aljihu, sannan ka tsaya a ƙofa kana kuka ba a fito maka ba?"

Ya dubi wayar, ya dube ta. Nan take ya buɗe guruf ɗin, ya mayar da duk wanda ya kora. Wallahi wayar nan ta kama kuka kamar an taka wutsiyar mage. Saƙo kan saƙo: a ware marasa lafiya, a binne matattu da nisa, ga lambar likita, ga mai kawo buhunan garin katako na shimfiɗa wa kaji kyauta. Har wanda ya ce a tura wa kaji fure, shi ya fara isowa da shebur. Inna kuwa ta ɗaure zani ta shiga tana tsince masu rai da hannunta. Na daɗe a duniya, ban ga abin da ya cika min ido kamar tsohuwar nan a durƙushe cikin kashin kajin wanda ya kore ta ba.

Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Mota ba ta dawo ba, har yau a ƙafa yake yawo. An bar masa admin, amma yanzu in ka turo hoton kashi, shi ne na farko da zai ce ka matso da kyamara.

Darasin nan a fili yake. In an ba ka tsintsiya, shara aka ce ka share, ba hatsi ba. Zagi da damfara a kore su, ba mai ja. Amma maganar da ke da ɗaci don gaskiya ce, ka bar ta ta zauna ko da ba ta da kyan gani, wataƙila kai aka aiko wa ita. Wanda ya rufe bakin jama'a, kunnen kansa ya toshe, kuma ranar da zai yi ihu, shirun da ya shuka shi zai amsa masa. Ku yi koyi da irinmu da muka san abin faɗa, shi ya sa ba a taɓa cire mu ba.

Mai aski ya kashe injin, ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Yaya, tsaya. In ba a cire ka ba, a ina ka ji Inna tana neman babur? Ba a Korarru ta tura ba? Kuma ƙanina yana ciki, ya ce wanda ya buɗe shi wani ne da aka kora tun kafin Inna, don ya tura hoton jaki ya rubuta admin a ƙasa."

Na ce masa ya gama min askin nan, ina da wurin zuwa.